Tsutsar Gyro a Wani Kogi na Yammacin Nowe: Nazarin Lamari, 1996 zuwa 2017

Kogin da kifinsa

Kogin da ake magana a kai yana yammacin ƙasar Nowe. Daga kan duwatsu yake gangarowa, ya ratsa wani dogon kwari, ya zuba a can ƙuryar wani mashigin teku da ya kutsa cikin ƙasa da nisa. Ruwansa garau yake, ga sanyi, kuma ba shi da yawan ma'adinai ko ruɓaɓɓen ganye. An san shi da manyan kifin salmon na Atlantika, har tun ƙarni na 19 attajiran Ingila ke zuwa hayar gaɓarsa don kamun kifi da ƙugiya. A da, kifi kan hau kusan kilomita 24 daga bakin teku sai wata magangarar ruwa ta tare shi. Daga baya aka gina matakalan kifi, wato hanyoyin ruwa masu hawa-hawa da kifi ke bi ya haye magangara, hanya ta ƙaru zuwa kusan kilomita 41.

Salmon a cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi. Yana zama a ruwan daɗi shekara biyu zuwa huɗu yana ɗan ƙarami, sannan ya fita teku ya yi girma, ya dawo ainihin kogin da aka haife shi ya yi ƙwai. Wannan dawowa ita ta sa kifin kowane kogi ya zama iri na kansa. Nowe na da koguna sama da 400 masu salmon, kuma idan aka duba ƙwayoyin gadonsu za a ga bambanci tsakanin kogi da kogi: lokacin ƙyanƙyasa, girman jiki, yawan shekarun da ake yi a teku, duk sun daidaita da yanayin ruwan gida. Kifin wani kogi ba ya cike gurbin na wani.

Tsutsar, da dalilin da ya sa take kisa a nan ba ta kisa a can

Sunanta na kimiyya Gyrodactylus salaris, mutanen Nowe kuma gyro kawai suke ce mata. Tsawonta bai fi rabin milimita ba. A ƙarshen jikinta akwai wani faifai mai ƙananan ƙugiyoyi 16 a gefe da manya biyu a tsakiya, da su take maƙalewa a fatar kifi da fikafikansa, tana cin yauƙi da naman saman fata. Ba ta ƙwai, haihuwa take yi, kuma 'yar da ke cikinta ita ma tuni tana ɗauke da nata cikin. Ba ta buƙatar wata halitta ta biyu don ta kammala rayuwarta. Tsutsa ɗaya tak a jikin ɗan kifi ɗaya ta isa ta kama kogi guda. A gwajin ɗakin bincike, takan rayu kusan kwana 34 a ruwa mai sanyin digiri 2.5, amma kwana huɗu da rabi kawai a digiri 19.

Masanin Suwidin Göran Malmberg ne ya fara bayyana ta a 1957, daga wani gidan ƙyanƙyasar kifi a ƙasarsa. A lokacin ba wanda ya ɗauke ta abin tsoro, domin a kogunan da ke zuba a Tekun Baltik ta daɗe tana zaune da salmon ba tare da annoba ba. Bayan zamanin ƙanƙara, kifin Baltik ya ci gaba da rayuwa tare da wannan tsutsa shekaru dubbai, waɗanda ba su iya jure mata ba suka ƙare, masu juriya suka bar baya. Salmon ɗin gaɓar Nowe kuwa ta teku ya shigo kogunansa, kuma ruwan gishiri ya raba shi da tsutsar, bai taɓa haɗuwa da ita ba.

An gwada wannan ƙarara a wani bincike da aka wallafa a 1990. An sa wa 'yan kifin kogin Neva na Rasha tsutsar, aka sa wa na kogunan Alta da Lone na Nowe. A jikin na Neva, yawanta ya hau na ɗan lokaci, garkuwar jiki ta tashi, sai ya sauka. A jikin na Nowe hawa kawai yake yi. Ba duk kifin Baltik ne juriyarsa ta kai ta Neva ba, amma bambancin tsakanin ɓangarorin biyu a fili yake. Irin wannan rashin juriya aka gani a kogin Keret na Rasha da ke zuba a Farin Teku, inda tsutsar ta bayyana a 1992 ta durƙusar da kifinsa.

A 1975 aka fara ganinta a Nowe, bayan an shigo da 'yan kifi masu rai daga Suwidin. Daga gidan ƙyanƙyasa aka rarraba kifi zuwa koguna da niyyar ƙara musu yawa, tsutsa ta bi su. Kogunan da suka kamu tun daga lokacin sun haura 50, kuma a matsakaici yawan 'yan kifi ya ragu da kusan kashi 86 cikin ɗari.

Gishiri shi ne shingenta. A cikakken ruwan teku takan mutu cikin 'yan mintuna. Amma a ruwa mai gishiri giram 5 a lita tana iya hayayyafa, kuma a giram 10 zuwa 20 tana iya kai kwanaki idan ruwan na da sanyi sosai. Lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ruwan daɗi kan kwanta a saman mashigin teku, sai kifi mai ɗauke da ita ya bi ta nan ya shiga kogin maƙwabta. Shi ya sa kamuwar kogi ɗaya barazana ce ga duk kogunan da ke mashigi ɗaya da shi.

1996: ganowa

A 1996 aka ga tsutsar a jikin 'yan kifin wannan kogi. Babu wani kogin daban a duk mashigin da ke ɗauke da ita.

Ɗan kifin da ya kamu sosai yakan ɗauki tsutsa ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Jikinsa ya yi fari-fari saboda yawan yauƙi, gefen fikafikai ya yayyage. Ƙugiyoyin da bakin tsutsar suna huda fata, ruwa ya riƙa shiga jiki gishirin jini na fita, sannan funfuna ta hau raunukan ta ƙarasa shi. Manyan kifin da suka dawo daga teku ba sa nuna wata alama, don haka mai kamu zai ci gaba da samun kifi shekara biyu ko uku bayan 'ya'yan sun fara mutuwa a ƙarƙashin duwatsu. Kafin a ga raguwa a ƙugiya, zuriya da dama ta riga ta tafi.

Matakai biyu aka fara ɗauka. An rufe matakalan kifi don kada manya su ƙara wucewa sama su yi ƙwai. Hikimar ita ce, idan 'yan kifin da ke sama suka gama shekarunsu suka sauka, ba sabbi a bayansu, wannan yankin zai wofinta da kansa, tsutsa ta rasa mai ɗaukarta, aikin magani ya tsaya a ƙasan magangara. Na biyu, an ajiye irin kifin kogin a bankin iri na ƙasa. Nowe ta fara daskarar da maniyyin salmon na daji tun 1986, daga baya ta buɗe gidajen da ake riƙe iyalan kifi da rai, kowane kogi daban, ana haɗa aure tsakanin iyalai da lissafi don kada 'yan uwa na kusa su hayayyafa da juna. Ƙwai kawai ake mayarwa kogi, bayan an wanke shi da maganin aidin, domin tsutsa ba ta shiga cikin ƙwai.

1997: rotenon

Rotenon guba ce da ake samu daga saiwar wasu tsirrai. Tana shiga jikin kifi ta wurin numfashinsa ta hana ƙwayoyin jiki amfani da iska. Tsarin a taƙaice: a kashe duk kifin da ke kogin, tsutsa ta rasa gida, ita ma ta mutu, domin ba ta wuce kwana biyar ko shida ba tare da kifi ba ko a ruwa mai sanyi. Sannan a dawo da kifi daga bankin iri.

An zuba maganin sau biyu a 1997, a Afrilu da kuma Agusta. Salmon ya mutu, kifin tirawut da ke zaune tare da shi ya mutu, ƙwarin ruwa da yawa suka tafi, ko da yake su sukan dawo daga yankunan sama da maganin bai taɓa ba.

1999 zuwa 2004: ta dawo, kuma daga ina ta zo

A 1999 aka sake ganin tsutsar.

Raunin rotenon a babban kogi sananne ne. Dole ya kai ga kowane ɗan kifi, ba saura ko ɗaya. Amma kwarin kogi irin wannan cike yake da idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin tsakuwa. Ɗan kifi mai tsawon yatsa, da ya ji guba, sai ya nutse cikin tsakuwa inda ruwa mai tsabta ke fitowa, ya zauna har maganin ya wuce. Ga kududdufan da ambaliya ta bari a gefe, ga magudanan gona, ga ramukan da ke bayan duwatsun da aka jera don kare gaɓa. Irin wannan gazawa ta faru a wasu manyan kogunan Nowe a shekarun nan, abin da ya sa aka sake duba tsarin baki ɗaya.

A wannan tsakanin ne binciken ƙwayoyin gado ya kawo wani haske. Gane tsutsar kanta ba abu ne mai sauƙi ba. Jinsin Gyrodactylus na da nau'i ɗaruruwa, kuma akwai Gyrodactylus derjavinoides ta kifin tirawut da kan hau salmon ba tare da wata illa ba. Da farko da siffar ƙugiyoyi ake bambance su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, amma girman ƙugiya na canzawa da zafin ruwa. Aka koma duba wani yanki na DNA da ake kira ITS, wanda ya raba yawancin nau'o'in, sai dai bai raba gyro da 'yar uwarta Gyrodactylus thymalli ba, wadda ke zaune a jikin wani kifin daban kuma ba ta cutar da salmon. Sai da aka duba wata ƙwayar gado ta mitokondiriya mai suna COI aka ga rassan gidan sosai.

Binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa tsutsar Nowe ba gida ɗaya ba ce. Mafi yawan kogunan da suka kamu suna ɗauke da reshen da aka yi wa laƙabi da A, wanda ya bi rarraba kifin gidan ƙyanƙyasa. A can arewa, wajen Skibotn, reshen B ne, mai alaƙa da kogunan arewacin Suwidin. Kogin da ake magana a kai kuwa reshen F aka samu a cikinsa, irin wanda ke kogunan Drammen da Lier a kudu maso gabashin ƙasar, kuma irin wanda ake yawan samu a gonakin kiwon tirawut mai launin bakan gizo. Tsakanin wannan kogi da Drammen akwai duwatsu ta tudu, ta teku kuma ɗaruruwan kilomita na cikakken ruwan gishiri. Kifi ba zai iya kawo ta da kansa ba. Da alama hannun mutum ne ya ɗauko ta.

Akwai wani abin lura game da reshen F. An samu wani nau'insa a jikin kifin Salvelinus alpinus a wani tafki na kudancin Nowe, da aka gwada shi a kan salmon bai yi kisa ba. Ke nan alamar COI tana faɗin asali da hanyar da aka biyo, ba ta faɗin ƙarfin cutarwa. Wannan sai an gwada a jikin kifi mai rai.

2005 da 2006: gwajin alminiyam

Dabarar ta biyu ta fito ne daga wata tsohuwar masifa. Ruwan sama mai asid ya kashe salmon a kogunan kudancin Nowe da dama a ƙarni na 20, ta hanyar narkar da alminiyam daga ƙasa, wanda ke taruwa a wurin numfashin kifi ya shaƙe shi. Masu bincike suka gano, kuma suka wallafa a 1999, cewa gyro ta fi kifin rauni a gaban alminiyam. Akwai tazara, ko da yake siririya ce, tsakanin adadin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe kifi. An fara gwada wannan a kogi sukutum a 2004, a wani kogin Nowe mai suna Batnfjordselva.

Kayan aiki biyu ne: gishirin alminiyam mai salfa, wato irin alif ɗin da ake tace ruwan famfo da shi, da asid na salfurik. Asid ɗin ne ke sauke pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, zuwa ƙasa da 6 kaɗan, domin a nan ne alminiyam ke zama a narke cikin siffar da ke cutar da tsutsa. Adadin da ake nema ɗan kaɗan ne, 'yan gomman maikirogiram a lita, kuma sai an riƙe shi dare da rana kusan mako biyu. A kududdufai da wuraren da ruwa ba ya gudu, inda alminiyam ba zai zagaya ba, rotenon ake zubawa da hannu.

Wahalar tana cikin riƙewar. Alminiyam ba ya daɗewa a siffarsa mai aiki. Yana gangarawa yana dunƙulewa, ƙarfinsa na raguwa, don haka tasha ɗaya a sama ba ta wadatar da kilomita 24. Kowane rafi da ya shigo da ruwa marar magani yana ɗaga pH a gefen da ya shigo, ya bar wata siririyar hanya a bakin gaɓa inda tsutsa za ta tsira. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi ɓarna, domin yakan zo da ma'adinan da ke kashe kaifin asid. Idan aka yi ruwan sama da dare kogi ya ƙaru, magani ya tsinke. Idan kogi ya ragu ba a rage zubawa ba, kifi ya fara mutuwa. Tashar wutar lantarki da ke kan kogin ita ma tana sauya yawan ruwa, sai an daidaita da masu ita. Abin da ya taimaki wannan kogi shi ne tsabtar ruwansa, domin ruɓaɓɓen ganye na kama alminiyam ya hana shi aiki.

An yi maganin a 2005 da 2006. Kifi ya rayu, tsutsa ta ɓace daga samfura. A 2007 aka sake ganinta.

2007 zuwa 2012: gyaran hanya da zagaye na ƙarshe

Shekarun da suka biyo baya an yi su ne ana danne yawan tsutsar don kada ta tsallaka maƙwabta, ana kuma gyara kayan aiki. An bi gaɓa da ƙafa ana rubuta kowane rafi, kowane idon ruwa, kowane bututu da magudana. An yawaita wuraren zuba magani a babban kogi da ƙananan rafuka. An ɗora zubawar a kan na'urori masu auna pH da yawan ruwa a kai a kai, yadda famfo zai ƙara ko ya rage gwargwadon abin da kogi ke yi a wannan sa'a, ga kuma ma'aikata na ɗibar ruwa kullum ana aunawa.

An yi cikakken magani a 2011, aka maimaita a 2012. Maimaitawar da gangan ce: idan zagayen farko ya bar 'yan tsutsa a wani lungu, na biyu zai same su kafin su sake cika kogi.

2012 zuwa 2017: sa ido

Ba a cewa kogi ya warke don an ga samfurin shekara ɗaya babu komai. Tsutsa kaɗan na iya ɓuya a jikin 'yan kifi kaɗan, sai kifi ya yawaita ta bayyana, kamar yadda aka gani a 1999 da 2007. Don haka ake jira aƙalla shekara biyar, tsawon da zai sa duk ɗan kifin da ke kogin lokacin magani ya riga ya fita teku, sababbi sun cika wurin.

Kowace shekara ana kama 'yan kifi da na'urar lantarki a wurare daban-daban daga sama har ƙasa, a jefa su cikin ruwan etanol mai ƙarfin kashi 96, a kai Cibiyar Likitancin Dabbobi ta ƙasa. A can ake duba kowane kifi a ƙarƙashin madubi, kai da jiki da kowane fiffike. Duk tsutsar da aka gani sai an tantance nau'inta da DNA. Ba a sake ganin gyro ba. A 2017 hukumar kula da lafiyar abinci da dabbobi ta Nowe ta ayyana kogin a matsayin wanda ya rabu da ita, shekara 21 bayan ganowa. Shi ne kogi na farko da aka warkar da hanyar alminiyam.

Me ya yi aiki, kuma don me

Mai karatu zai iya ɗauka cewa alminiyam ya fi rotenon, tunda ɗaya ya gaza ɗaya ya ci. Tarihin bai nuna haka ba. Alminiyam ma ya gaza a 2005 da 2006, kuma a daidai shekarun 2011 da 2012 an yi wa babban kogin Vefsna na arewa magani da rotenon, shi ma aka ayyana ya warke a 2017. Abin da ya haɗa nasarorin biyu shi ne taƙaita yankin da kifi ke kaiwa, sanin kowane ɗigon ruwa da ke shiga kogin, da yin magani shekara biyu a jere. Inda alminiyam ya yi fice shi ne ya bar kifin da ransa. Kogin bai sake wofinta ba kamar a 1997, kuma tirawut ɗinsa, wanda ba shi da laifi a lamarin, ya tsira. Sai dai hanya ce mai son ruwa mai tsabta da ma'aikata masu yawa, ba kowane kogi za ta karɓa ba.

Akwai masu ganin da an bar kogin, da kifinsa ya samar da juriya da kansa kamar na Baltik, ko kuma a haɗa shi da irin Baltik a gajarta hanya. Gaskiya ne gwaji ya nuna juriya na bin gado ko a cikin kifin Nowe. Amma a ganina hujjar ba ta kai ba. Kogin da aka bari da tsutsa yana zama tushen yaɗuwa ga duk mashigin na tsawon shekarun da ba wanda zai iya ƙayyade su, kuma irin da ya ragu zuwa 'yan tsiraru yana asarar bambancin gadonsa tun kafin zaɓin halitta ya yi aikinsa. Ga misalin kogin Drammen: ya kamu tun 1987, kuma da kifin gidan ƙyanƙyasa aka daɗe ana tallafa masa. Shigo da jinin Baltik kuwa zai rushe ainihin abin da ake son ceto, wato irin da ya dace da wannan ruwa. A nan ne bankin iri ya biya kuɗinsa, domin ba don shi ba da maganin 1997 ya tafi da babban kaso na gadon kogin.

Farashin wannan zaɓi shi ne kifin kogin a yau ba shi da wata kariya da ta wuce wadda yake da ita a 1995. Idan tsutsa ɗaya ta sake shigowa, daga farko za a fara. Saboda haka doka ta hana ɗaukar kifi mai rai ko ruwa daga wani kogi zuwa wani, kuma duk mai shigowa da sandar kamu, koma, dogon takalmin ruwa ko kwalekwale sai ya tsabtace su. Hanyoyin da aka amince da su: a busar da kaya sarai na aƙalla kwana biyu a zafin digiri 20, ko a ɗumama su sama da digiri 60 na sa'a ɗaya, ko a daskarar da su kwana guda, ko a jiƙa su a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na Virkon mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari na kusan minti goma sha biyar. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne tafin takalmi mai laushi da ƙasan kwalekwale, inda danshi ke kwana da kwanaki bayan saman kaya ya bushe.